Farar Riga da Baƙar Fuska a Tsakar Rana: Sharhi Kan Ɗaukar Hoton Motsi da Gyaransa a Zariya

Duk bayan Sallah, wayoyin mutanen Zariya kan cika maƙil da hotuna. Daga ƙofar fadar Zazzau zuwa Sabon Gari, daga Kwangila a bi ta Palladan har a dangana da Samaru, da wuya ka samu gidan da ba a tura wa hoton mahayi a kan doki, ko na samari a filin ƙwallo, ko na yara sun ci ado suna guje-guje ba. Amma idan mutum ya natsu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, zai tarar da matsaloli uku suna ta maimaituwa. Babbar rigar da maɗinki ya yi wata da watanni yana yi wa aiki ta fito fari fat, babu alamar zare. Fuskar mai rigar ta nutse cikin duhu a ƙarƙashin rawani. Dokin kuma ya yi dishi-dishi, ba a bambance ƙafarsa da ƙura. Sai matsala ta huɗu, wadda ake ƙarawa a gida bayan an tashi daga fili: an haska fuskar a wajen gyara har 'yan uwan mutum su yi ta kallo kafin su shaida shi.

A ganina, ma'aunin hoton waje a ƙasarmu guda ne: ɗinkin farar riga da kamannin fuska su fito tare a hoto ɗaya, motsin kuma ya tsaya inda mai hoto ya so. Ana cin wannan nasara ne a fili, tun kafin a danna maɓalli. Gyara kuwa amana ce, aikinta ta dawo da abin da ido ya gani a ranar.

Ranar da muke aiki a ƙarƙashinta

Galibin darussan hoto da matasanmu ke kallo a intanet an shirya su ne a ƙasashen da rana ba ta hawa tsakar ka. A Landan, ko a tsakiyar lokacin zafinsu, rana ba ta ɗagawa sama da digiri 62. Zariya kuwa tana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, bayan tsakiyar Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, rana kan tsaya cak a kan mutum, inuwarsa ta koma ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Ko a Disamba, lokacin da ta fi karkata kudu, ba ta sauka ƙasa da kusan digiri 55 da tsakar rana. Wato mafi ƙanƙantar tsakar ranarmu ta kusa kai mafi girman tasu. Shi ya sa shawarar da ta yi wa mai hoton Ingila aiki sai an sake auna ta kafin ta yi wa na Palladan.

Hasken da ke sauka daga sama tsaye shi ne ke cika ramin ido da duhu, ya jefa inuwar hanci a kan leɓe, ya sa bakin hula ko naɗin rawani ya rufe rabin fuska. A agogonmu rana kan yi tsaka ne wajen ƙarfe 12:30, kuma daga walaha har bayan azahar hasken nan yana da kaifi. Mai laushin yana wajen hantsi da la'asar sakaliya, sai dai ba ya daɗewa, domin a nan rana kusan a miƙe take faɗuwa, tana sauka kimanin digiri 15 a kowace awa.

Kowane yanayi kuma da halinsa. A bazara sama kan yi fari, haske ya yi zafi, kawalwalniya ta riƙa rawa a kan kwalta har ta ɓata kaifin hoton da aka ɗauko daga nesa. A damina iska tana da tsabta, launuka suna fitowa sarai, amma gajimare kan rufe rana ya buɗe cikin 'yan daƙiƙu. A hunturu hazo yana tausasa inuwa, abin da ke taimakon fuska, sai dai yana kashe launi yana kuma cusa ƙura cikin kayan aiki. Tun da watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, hasken Sallah ma yana canzawa. An yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu a 2024, aka yi ta ranar 30 ga Maris a 2025, duk cikin bazara. Nan da 'yan shekaru za ta faɗo cikin hazo, wanda ya saba da saitin bazara kuma dole ya koyi sabo.

Abin da ido ke iyawa, kyamara ba ta iyawa

Idon ɗan Adam yana gyara kansa ba tare da mai shi ya sani ba. Ka dubi farar shadda a rana, ido ya tsuke. Ka ɗaga kai zuwa fuskar da amawali ya rufe rabinta, ido ya buɗe. Kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa hoto gaba ɗaya, kuma an gina ma'auninta a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in an gauraya shi, zai ba da launin toka matsakaici. Idan fararen kaya suka cika mata ido, sai ta rage haske, fuskoki su ƙara nutsewa. Idan baƙin doki ko inuwar bango suka cika mata ido, sai ta ƙara haske, rigar ta ƙone. Mahayi ɗaya zai wuce, a ɗauke shi sau biyar, kowane hoto da nasa hasken.

Maganin wannan shi ne mai hoto ya ƙwace awon daga hannun na'ura. Muddin babu gajimare, hasken rana ba ya canzawa daga minti zuwa minti, don haka ana iya saita kyamara da hannu a bar ta a haka. A nemi farar riga da rana ke duka, a ɗauki gwaji, a rage haske har sai zaren aska takwas ko na kowane irin aiki ya bayyana a jikinta. Kusan kowace kyamara ta zamani tana da gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo, tana kuma da jadawalin haske da ake kira histogiram. Idan tudunsa ya manne da bangon dama, an yi asarar fari. Waɗannan biyun sun fi amana a kan kallon allo da ido, domin a tsakar rana allo yaudara yake yi. Za ka ga masu hoto a bakin fili sun dunƙule, sun rufe kai da kyamara da hannun riga ko da hula, suna ƙifta ido don su ga abin da suka ɗauka.

Me ya sa ake fifita kare fari a kan kare duhu? Tuwon da bai gama nuna ba ana iya mayar da shi kan wuta, wanda ya ƙone kuwa ya ƙone. Wurin da ya yi duhu a hoto yakan riƙe bayanai da za a iya farfaɗowa daga baya. Wurin da ya yi fari fat babu komai a cikinsa. Haka jan kayan dogarai yake: ja yakan riga sauran launuka cikewa a rana, ya zama fili ɗaya babu lanƙwasar yadi, don haka shi ma a sa masa ido.

Wannan wahalar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa raba wa ɗakunan wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, don a daidaita launi da shi. Fatar Bature ce ma'auni. Wata malama a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita daidai a talla, yana cikin abin da ya tura kamfanin gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launuka masu duhu. Sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Duk da haka, Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948, ya yi ta ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken Allah, fata ta fito da sheƙinta, zanen atamfa da nasa. Abin da ya riƙe shi ne sanin inda zai tsayar da mutum da lokacin da zai ɗauka.

Tsayar da gudu

Rana mai ƙarfi tana da alherin da ba a cika faɗa ba: ita ce ke ba da damar tsayar da motsi. A cikin kyamara akwai labule da ke buɗewa ya rufe, wanda masu sana'a ke kira shota, kuma gwargwadon saurinsa gwargwadon yadda abu mai gudu zai tsaya cak. Sauri yana bukatar haske mai yawa, mu kuwa shi ne abin da ba mu rasa ba. A 1878, a Palo Alto ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, ya kafa farin bango don ya maido da hasken rana, ya ɗauki doki yana gudu. Hotunan suka tabbatar da cewa akwai lokacin da kofatai huɗu duk suke barin ƙasa, kuma a lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba yadda masu zane suka saba nunawa.

Lissafin ba shi da wuya. Dokin da ke sukuwar kilomita 45 a awa yana cin mita 12 da rabi a daƙiƙa. Idan labule ya buɗe na 1/125 na daƙiƙa, dokin ya matsa santimita 10 kafin ya rufe, ga dishi-dishi nan. A 1/1000 abin da zai matsa bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Saboda haka jahi, da holo, da ƙwallon ƙafa, da dambe, duk suna son 1/1000 ko fiye.

Akwai tsohuwar ƙa'ida ta masu fim da har yau take aiki: a rana tangaran, idan ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, yana 100, kafar da haske ke bi ta gilashi tana f/16, saurin labule 1/100 ne. Duk matakin da aka buɗe kafar, sai a ninka saurin: f/11 da 1/200, f/8 da 1/400, f/5.6 da 1/800, f/4 da 1/1600. Wanda ya haddace wannan jeri ya san inda zai fara ko bai duba allo ba. Idan gilashinsa ba ya buɗewa fiye da f/5.6, kamar yawancin masu sauƙin kuɗi, ya ɗaga ISO zuwa 200 ya samu 1/1600. Daga nan sai ya ɗan rage saboda fararen kaya.

Ba kowane motsi ake so a daskarar ba. Mazauna Palladan sun saba da ƙarar ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964, suna tashi suna kewayawa. Idan aka ɗauki irin wannan jirgi a 1/2000, farfelarsa za ta tsaya, ya zama tamkar injinsa ya mutu a sama. A 1/250 ko ƙasa da haka farfelar takan yi da'ira, a ga alamar tafiya. Haka mai keke ko mai babur: a sauke sauri zuwa 1/60, a bi shi da kyamara daga ƙugu ana juyawa tare da shi, sai shi ya fito sarai, bayansa ya ja layi-layi. A tsakar rana wannan yana bukatar tsuke kafa sosai ko sa filta mai rage haske a gaban gilashi. Masu bidiyon biki ma ita suke bukata, tun da su a wajen 1/50 suke aiki.

Sai batun saitin kaifi. A sa kyamara a kan tsarin da ke bin abu yana tafe, a kafa wa fuskar mahayi ido. Ƙura da hayaƙin 'yan bindiga kan ruɗa na'ura ta koma farautar abin da ba shi ake nufi ba. A irin wannan hali ya fi a saita kaifi a kan wurin da aka san doki zai bi, a jira shi ya iso.

Wurin tsayuwa ya fi tsadar kyamara

Mutum biyu da kyamara iri ɗaya za su je fili ɗaya, ɗaya ya dawo da abin nunawa, ɗaya ya dawo da tarkace. Bambancin yawanci wurin tsayuwa ne. Idan rana ta karkata, mai hoto yana da zaɓi uku. Ya sa ta a bayansa, launin alkyabba da jalala su fito cikakku, amma mutane su tsuke ido. Ya sa ta a gefe, ɗinki da jijiyar wuyan doki su fito da tudu da kwari. Ko ya fuskance ta, wanda shi ne mafi wuya kuma mafi daɗin sakamako.

Ka je kowane filin unguwa tsakanin Palladan da Samaru bayan la'asar, inda samari ke buga ƙwallo a kan jar ƙasa. Ka tsaya ta gabas, ka durƙusa. Duk bugun da aka yi, ƙurar da ta tashi sai ta kama hasken yamma ta yi ja, gumin da ke kafaɗa ya yi layi mai ƙyalli, fuskokin kuma duk suna cikin inuwa iri ɗaya, babu rabi haske rabi duhu. A nan awo a kan fuska ake yi, a kare bakin gilashi da hularsa ko da tafin hannu don kada rana ta shiga kai tsaye. Durƙusawar ma da dalili: daga ƙasa ɗan wasa yakan fita daga cikin hayaniyar 'yan kallo, sama ta zama bayansa. A filayen ƙwallon kwando na Samaru a nan Zariya, garin da Masai Ujiri ya taso ya koyi wasan kafin ya jagoranci Toronto Raptors zuwa kofin NBA a 2019, wannan durƙuson ne ke nuna tsawon tsalle.

Da rana tsaka kuwa, sai a nemi taimakon abin da ke wurin. Farin bango ko ƙasa mai haske suna maido da haske ƙarƙashin rawani. Lokacin da mahayi ya ɗaga kai ko ya ɗaga hannu zai yi jinjina, fuskarsa takan fito daga inuwa na ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ne lokacin dannawa. Filasha ba ta da amfani daga nesa, domin duk ninka tazara haskenta yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, ga shi tana iya firgita doki a cikin taro.

Duk wannan yana komawa ga sanin abin da ake ɗauka. Wanda ya san tsarin Hawan Sallah, da Hawan Bariki, da Hawan Daushe na Zazzau, ya san ta inda ayari ke ɓullowa, ya san 'yan lifidi da 'yan sulke, ya san sautin tambari da kakaki alamar me ne, to ya riga abin da zai faru isa wurin. Nan ne ɗan gari ya fi baƙo, komai tsadar kayan baƙon. Ladabi ma na cikin sana'a: ba a shiga gaban dawaki, ana bin umarnin dogarai, ana neman yardar mata kafin a ɗauke su a biki, kuma ba a ɗaga kyamara a harabar filin jirgi ko barikin soja sai da izini.

Mai waya fa?

Yawancin hotunan garin nan da waya ake ɗaukar su, kuma a rana waya tana ƙoƙari, domin da kanta take zaɓar sauri mai yawa. Abu huɗu ne ke taimakonta. A goge gilashinta da ƙyalle mai laushi, bayan an hure ƙurar, don gogewa a kan ƙura karce ne. A taɓa allo a kan fuska, a ja alamar haske ƙasa kaɗan har riga ta dawo. A yi amfani da ɗauka a jere maimakon dannawa ɗaya. A matsa kusa da ƙafa inda babu haɗari, domin jawo hoto da yatsu a yawancin wayoyi yanka ne kawai da ke rage inganci. Waya ko kyamara, a kare ta daga zafi da farin ƙyalle, kada kuma a canza gilashin kyamara a tsakiyar ƙura.

Kamfanoni sun fara kula da fatarmu. Transsion, mai Tecno da Infinix da Itel, ya yi suna a Afirka da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata, Google ma ya fito da tsarin Real Tone a 2021. Amma wayoyi da yawa suna zuwa da filtar kwalliya a kunne, mai goge fuska da ƙara mata fari tun kafin mai ita ya nema. Wanda ke son hoton gaskiya ya fara kashe ta.

A teburin gyara

Wanda kyamararsa ko wayarsa ke iya ajiye ɗanyen hoto, wato RAW, ya yi amfani da shi a ranar aiki mai muhimmanci. Hoton JPEG yana riƙe matakai 256 ne kacal a kowane launi, daga duhu zuwa haske. Ɗanyen hoto na kyamarori da yawa yana riƙe 4,096 ko 16,384. Wannan rarar ce ake ɗiba a ɗago fuskar da ta nutse ba tare da ta farfashe ba. Kuɗinsa shi ne cin memori da cin lokaci.

Ko a Lightroom ake aiki, ko a Snapseed, ko a Photoshop, tsarin ɗaya ne. Farko zaɓe: daga ɗaruruwan hotunan da aka ɗauka a jere, a fitar da ƙalilan waɗanda ido ya buɗe, ƙafar doki ta yi kyau, babu sandar wani a kan fuska. Sannan daidaita fari, domin jar ƙasarmu tana shafa wa fararen kaya da ƙasan haɓa launinta. A gyara har riga ta zama fara, amma a bar ɗumin yamma idan da yamma aka ɗauka. Sannan a sauke wuraren haske har ɗinki ya fito. Sannan a ɗaga inuwa, kuma a nan ake bukatar hannu mai sanyi: maimakon ɗaga duhun hoton gaba ɗaya, a zagaye fuskar kaɗai a ƙara mata haske kaɗan. Idan aka ɗaga duka, hoto yakan yi lami, fata ta koma launin toka. A ƙarshe a miƙe hoton, a yanke gefe, a bar wa doki ko ɗan wasa fili a gabansa ta inda ya nufa.

Akwai maɓallan da ke jan hannu su wuce gona da iri. Na ƙara launi yakan mayar da fata ruwan lemo, ja ya yi kamar fenti. Na ƙara kaifi yakan tsufar da fuska. Na cire hazo yakan sa sama ta yi wani shuɗi da ba a taɓa ganin irinsa a Janairun Zariya ba. Hazo ma ai shaida ne na lokacin da aka ɗauki hoton. Idan an gama, a tura wa mai shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, a kuma ajiye na asali.

Inda gyara ya kamata ya tsaya

Duk mai shagon hoto a Sabon Gari ya san roƙon nan: «Malam, don Allah a ɗan haska ni.» Sau da yawa mai roƙon gaskiya gare shi, domin rana ta jefa masa inuwar da ba tasa ba, kuma cire ta haƙƙinsa ne. Amsar da ta dace ita ce: «Hajiya, zan cire inuwar da rana ta sa miki, launinki ya fito yadda Allah ya yi shi.» Abin da ke damuna shi ne inda ake wucewa a canza launin fatar kanta. Yarinyar da ta tashi tana ganin duk hoton da aka yaba na yayyenta an mayar da su farare, ta koyi darasin da babu wanda ya furta mata, kuma daga nan zuwa man bilicin ba nisa. Mai hoto yana da hannu a wannan tarbiyya ko ya sani ko bai sani ba.

A aikin jarida iyakar ta fi tsanani. A Agustan 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai hoto, Adnan Hajj, bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut, ya kuma janye hotunansa 920 daga taskarsa. A gasar World Press Photo ta 2015, an fitar da kashi 20 cikin ɗari na ayyukan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa a bayyane take: daidaita haske da launi ya halatta, ƙara abu ko cire shi bai halatta ba. Yanzu da manhajoji ke iya sauya sama, su share mutum, su cika fili da taron da bai zo ba cikin taɓawa ɗaya, riƙe wannan iyaka ya koma hannun mai hoto da tsoron Allahnsa. Hoton ango da amarya yana da sassauci idan masu shi sun sani sun yarda. Hoton hawa ko na wasa da za a yaɗa a matsayin abin da ya faru ba shi da shi.

Abin da ya rage mana

Hotunan nan tarihi ne. Marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020, kuma duk wanda ke son sanin yadda hawa yake a farkon zamaninsa, wane irin ɗinki ake yayi, wane irin kayan doki, hotunan masu hoton wancan lokaci zai nema. Abin da ake ɗauka yau a zamanin Sarki Malam Ahmed Nuhu Bamalli haka zai zama ga na baya. Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, idon duniya ya ƙara karkatowa kan hawan Sallah na Arewa baki ɗaya. Idan rigunan sun ƙone a hoto, fuskokin an sauya su, me za mu miƙa?

Zariya ba ta rasa masu ilimin wannan aiki ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen zane da na aikin jarida a Samaru, kuma tazarar da ke tsakaninsu da shagunan hoto na Palladan da Sabon Gari tafiyar ɗan sahu ce. Ya kamata a riƙa haɗa ɗalibai da masu sana'a a bita ta kwana ɗaya ko biyu kafin kowace Sallah, a fili, da Hausa, da rana tsaka: masu karatu su kawo lissafin haske, tsofaffin hannu su kawo sanin doki da sanin gari. Ya kamata kowane mai hoto ya riƙa ajiye na asali a wuri biyu, da kwanan wata, da sunan wuri, da sarautar wanda ke cikin hoton. Wanda kuma ya ƙudurta fita hawa mai zuwa, ya je wurin tun ana jajibiri a daidai sa'ar da za a yi, ya ga ta ina rana ke faɗowa, ya zaɓi matsayarsa, ya gwada awonsa a kan farar riga. Tun ran gini tun ran zane.